Rabon Jari Tsakanin Sana'o'i: Darasi Daga Tarihin Masana'antun Bompai, Sharaɗa da Calawa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga cikin birnin Kano ya bi hanyar Fanshekara, ya ratsa Sharaɗa ya gangara Calawa a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, zai ga abubuwa iri biyu suna maƙwabtaka da juna. Zai ga masana'antar da injinta ke ruri, manyan motoci sun yi layi a ƙofarta suna jiran lodi. Sa'an nan a jikin katangarta zai ga wata wadda ciyawa ta cinye farfajiyarta, ko kuwa an kwashe injunanta an mayar da ita wurin ajiye kayan da aka sayo daga ƙasashen waje. Haka abin yake a Bompai, wadda ita ce uwa ga unguwannin masana'antun Kano duka.

In aka tambayi dalilin mutuwar waɗanda suka mutu, amsar da aka saba bayarwa ita ce rashin wutar lantarki, da fasa-ƙwauri, da sauye-sauyen manufofin gwamnati. Lalle duk wannan gaskiya ne, amma bai ƙosar ba, domin wutar da aka ɗauke wa wadda ta mutu ita aka ɗauke wa maƙwabciyarta da ta rayu. Saboda haka wannan takarda za ta dubi al'amarin ta wata fuska, watau ta fuskar yadda masu dukiya da gwamnatoci suka riƙa raba jarinsu tsakanin sana'o'i daban-daban, tun daga zamanin fataucin goro har zuwa yau. Za mu ari ma'aunin da masana harkar kamfanoni suka ƙirƙiro don wannan aiki mu auna tarihin Kano da shi, sa'an nan mu bar tarihin Kano shi ma ya auna ma'aunin. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, masana'antun Kano sun yi yawa iri-iri a ido, amma galibinsu rijiya ɗaya suke sha, kuma ranar da rijiyar ta ƙafe tare suka ji ƙishirwa.

2.0 Ma'aunin Rabon Jari

A shekarar 1952 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke mai suna Harry Markowitz ya wallafa takarda inda ya nuna cewa mai hannayen jari da yawa, bayan ya auna ribar kowanne, wajibi ne ya duba yadda suke tashi da faɗuwa tare. In mutum yana da guda goma, amma abu ɗaya ke ɗaga su, abu ɗaya kuma ke kayar da su, to a haƙiƙa hannun jari ɗaya gare shi mai suna goma. Wannan aiki ne ya kai shi ga samun lambar yabo ta Nobel a 1990.

A shekarar 1970 kuwa, Bruce Henderson, wanda ya kafa kamfanin ba da shawara na Boston Consulting Group a 1963, ya fito da wani jadawali mai gida huɗu domin kamfanonin da ke da sana'a fiye da ɗaya. Tambaya biyu ake yi wa kowace sana'a. Ta farko, kasuwar kayanta tana bunƙasa da sauri ko ta tsaya? Galibi akan ɗauki ƙaruwar kashi 10 cikin ɗari a shekara a matsayin iyaka. Ta biyu, mene ne girman kason kamfanin a kasuwar in an gwada shi da na babban abokin gasarsa? Dalilin tambaya ta biyu shi ne, a lissafinsu, duk sa'ad da jimillar kayan da kamfani ya taɓa ƙerawa ta ninka, kuɗin ƙirar kowane guda kan ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, don haka wanda ya fi sayarwa shi ya fi samun sauƙin ƙira.

Daga amsoshin nan ne gidaje huɗu ke fita. Sana'ar da ke da kaso babba a kasuwar da ta riga ta tsaya ita ce saniyar tatsa: tana kawo kuɗi fiye da abin da take ci. Wadda ke da kaso babba a kasuwa mai bunƙasa ita ce tauraruwa: tana samu da yawa, tana kuma buƙatar a riƙa mayar mata da shi don kada a wuce ta. Wadda kasonta ƙarami ne a kasuwa mai bunƙasa, Turawa sun kira ta alamar tambaya, mu kuwa za mu ce da ita 'yar gwaji. Ta ƙarshe, mai ƙaramin kaso a kasuwar da ta tsaya, su sun ce da ita kare, amma kalmar da ɗan kasuwar Kurmi zai fi ganewa ita ce kwantai. Shawarar jadawalin a taƙaice ita ce: a tatsi saniya, a zaɓi 'yar gwaji ɗaya ko biyu a shayar da su har su zama taurari, domin tauraruwar yau ita ce saniyar gobe, kwantai kuwa a rabu da shi. A farkon shekarun 1970 kamfanin General Electric tare da McKinsey suka faɗaɗa jadawalin zuwa gida tara, inda suka ƙara wasu abubuwan dubawa, amma ruhin abin ɗaya ne.

Ya kamata a lura da wurin da aka haifi wannan ma'auni. An haife shi a ƙasar da darajar kuɗi ba ta rikicewa dare ɗaya, wuta ba ta ɗaukewa, dokar shigo da kaya kuma ba ta sauyawa kowace shekara. Waɗannan abubuwa ba su shiga jadawalin ba domin masu zana shi ba su ga buƙatar tambaya a kansu ba. A Kano kuwa su ne suka yanke hukunci.

3.0 Daga Goro Zuwa Gyaɗa

Raba jari ba baƙon abu ba ne ga attajiran Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano a fitar da su waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, har Tambutu ana kai su. Fataken goro, watau Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda Paul Lovejoy ya rubuta tarihinsu a littafinsa na 1980, ba sa tafiya Gwanja da kaya iri ɗaya. Sukan ɗauki kanwa da baƙin yadi da jar fata da dabbobi, suna sayarwa suna saye zango-zango, su komo da goro. Maigida kuma yakan raba uwar kuɗi ga yaransa, wannan ya bi wannan ayari, wancan ya bi wata hanya, sauran dukiyar kuma a ajiye ta a gidaje da gandu da shanu. In 'yan fashi suka tare ayari ɗaya, ko goro ya lalace a hanya, gidan ba zai durƙushe ba.

Babbar jarrabawar farko ta zo da jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Burin Turawa shi ne auduga. Ƙungiyar Noman Auduga ta Ingila, wadda aka kafa a 1902, ta ƙwallafa rai ƙasar Kano za ta ciyar da masaƙun Lankasha. Amma kamar yadda Jan Hogendorn ya nuna a littafinsa na 1978, masaƙan gida sun fi Turawa biyan kuɗin auduga, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, ba ta gajiyar da ƙasa, in kuma farashi ya faɗi ana iya cin ta. Sai gyaɗa ta yi awon gaba da kasuwa. Attajiran goro irin su Umaru Sharubutu Koƙi da Maikano Agogo suka juya yaransu da kuɗinsu zuwa awon gyaɗa a ƙauyuka.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan juyi shi ne Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Ya fara da goro, har ya kai ga yin jigilarsa ta teku daga Akara zuwa Legas. A 1918 ya zama wakilin sayen gyaɗa na Kamfanin Neja, wanda daga baya ya narke cikin UAC a 1929. In muka ɗora shi a jadawalin Henderson, goro ne saniyar tatsarsa, gyaɗa kuwa 'yar gwaji ce da ya shayar har ta zama tauraruwa. Bai kuma saki goro ba, bai saki cinikin shanu da na tufafi da na duwatsun ado ba. Ana ba da labarin cewa da aka buɗe reshen banki a Kano a 1929, kuɗin azurfa lodin raƙumi ashirin ya kai ajiya. Abin lura a nan shi ne sana'o'insa ba rijiya ɗaya suke sha ba. Mai cin goro yana Kano da Barno, mai sayen gyaɗa yana Turai, saboda haka ba lalle ba ne abin da ya bugi ɗaya ya bugi ɗayan da ƙarfi iri ɗaya. Bayan rasuwarsa a 1955, 'ya'yansa Sanusi da Aminu suka ci gaba da wannan tsari, suka ƙara da sufuri da kwangilar gine-gine.

Gwamnati ma ta mayar da gyaɗa saniyar tatsarta. An kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa a 1949, a 1954 kuma aikinta ya koma hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar kan sayi gyaɗa a hannun manoma ƙasa da farashin duniya ta ajiye rarar, kuma wani ɓangare na rarar nan ne aka zuba a Hukumar Raya Jihar Arewa, wadda ta sa hannu aka kafa masaƙar Kaduna ta KTL a 1957. A bisa ƙa'idar jadawali wannan daidai ne: an tatsi tsohuwar sana'a an shayar da sabuwa. Kuskuren shi ne an manta cewa saniyar tatsa ma tana cin harawa. An danne wa manomi farashi shekara da shekaru, har Nijeriya da ta kasance kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa a shekarun 1960 ta wayi gari da manoma masu sanyin gwiwa. Fari na 1972 zuwa 1974 ya zo, annobar cutar gyaɗa da ƙwarin darɓa ke yaɗawa ta biyo baya a 1975, dalar gyaɗa ta zama labari.

4.0 Kafuwar Unguwannin Masana'antu

Masana'antun farko da suka taru a Bompai a shekarun 1950 da na 1960 jingine suke da gona da garke. Akwai masu matse man gyaɗa, waɗanda Kwarori da wasu baƙin 'yan kasuwa suka kafa, akwai majemu, akwai mai sa nama a gwangwani, ga kuma masu yin sabulu da alawa da turare da kwanuka. A farkon shekarun 1950 ne kuma wasu attajiran birni suka haɗa jari a Kamfanin 'Yan Ƙasa na Kano suka kafa ƙaramar masaƙa a Gwammaja.

An ƙirƙiro Jihar Kano a ranar 27 ga Mayu 1967, Audu Baƙo ya yi mata gwamna har 1975. Daga shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 aka yanka filayen masana'antu na Sharaɗa kashi-kashi, sa'an nan na Calawa. Abubuwa uku suka haɗu suka cika waɗannan filaye. Na farko, farashin man fetur ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, ƙarin albashin Udoji kuma ya zuba kuɗi a aljihun ma'aikata. Na biyu, Dokar Mallaka wa 'Yan Ƙasa Kamfanoni ta 1972 ta keɓe wasu sana'o'i ga 'yan Nijeriya zalla, ta kuma wajabta a sayar musu da kashi 40 cikin ɗari na wasu. Ta 1977 ta kasa kamfanoni gida uku, na kashi 100 da na kashi 60 da na kashi 40. Na uku, gwamnati ta hana shigo da kayayyaki da dama, ciki har da yadi, ko ta ɗora musu kuɗin fito mai nauyi. Attajiran Kano suka sayi hannayen jari a kamfanonin baƙi, wasu kuma suka kafa nasu. Alhaji Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda a farkon shekarun 1970. Aka buɗe kamfanin fulawa na Arewa a Bompai a tsakiyarsu. Ana haɗa kekunan Raleigh da manyan motocin Fiat a Kano. Masaƙar Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1980. Kano ta zama ta biyu ga Legas a yawan masana'antu.

Da a ce wani attajiri ya ɗauko jadawalin Henderson a 1978 ya jera sana'o'insa, da kusan duka a gidan taurari za su faɗa. Kasuwa na bunƙasa domin kuɗi ya wadata, kaso kuma babba ne domin an tsare abokin gasa a bakin iyaka. Ga yadi, ga fulawa, ga alawa, ga kwano, ga keke: a ido an raba jari yadda ya kamata. Amma in aka bi saiwar kowace, wuri ɗaya za a tarar da su. Alkamar fulawa daga Amurka take zuwa, sukarin alawa da farantin ƙarfen kwano da sassan keke duk daga waje. Ko masaƙa, injinta da kayan gyaransa da sinadarin rini na waje ne, da noman auduga ya ja baya kuma ita ma aka koma sayo wani kaso nata. Duk waɗannan sun dogara ga kuɗin musaya mai araha, a lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi a 1980. Sun dogara ga lasisin shigo da kaya. Sun dogara ga wutar NEPA. Sun kuma dogara ga hanyar da ta fi kilomita 1,000 daga tashar jiragen ruwa ta Legas. Kuɗin musaya da lasisi da kariya kuwa duk 'ya'yan man fetur ne. Wannan shi ne ainihin abin da Markowitz ya yi gargaɗi a kansa, jadawalin gida huɗu kuma ba shi da idon ganinsa.

5.0 Ranar da Rijiya ta Ƙafe

Masu iya magana sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Farashin mai ya fara sauka daga 1981. A watan Afrilu 1982 gwamnatin Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, lasisin shigo da kaya ya yi wuyar samu, masana'antu suka fara rage kwanakin aiki saboda rashin kayan sarrafawa. A 1986 gwamnatin Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP: aka soke lasisin, aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin musaya a watan Satumba. Zuwa 1987 dala ɗaya ta kai wajen naira huɗu. Duk wanda ya ci bashin waje ya sayo inji, bashin ya ninka a kansa. A 1987 ɗin kuma aka hana shigo da alkama, ba a ɗage ba sai 1992, alhali alkamar da ake nomawa a Kadawa da sauran wuraren noman rani ba ta kusa isar injunan niƙa ba.

Sa'an nan sauran igiyoyin suka riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Jirgin ƙasa ya daina zama abin dogaro, kaya suka koma kan titi. Wuta ta zama sai an gani, kowace masana'anta ta koma ga janareta da baƙin mai. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, a farkon 2005 kuma yarjejeniyar da ke ƙayyade cinikin tufafi a duniya ta ƙare. Atamfa da shaddar Sin, wasu ta tashar ruwa, wasu ta barauniyar hanya daga Kwatano ta Maraɗi, suka cika Kantin Kwari. A Kaduna KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, yawancin masaƙun Kano ma haka suka yi shiru.

A wannan tsakani an ga kuskure iri biyu. Akwai waɗanda suka ci gaba da zuba ribar sauran sana'o'insu a masana'antar da ta riga ta zama kwantai, saboda sunan gida, ko kunyar a ce wane ya rufe kamfani, ko tausayin ma'aikata, har kwantan ya cinye mai lafiyar. Akwai kuma waɗanda suka yi ta tatsa ba sa sabunta inji, har ranar da za a gyara ta zo aka tarar kuɗin ya fi ƙarfinsu, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Daɗin daɗawa, inda dukiya ba ta da tsarin hannun jari, rasuwar maigida kan sa a sayar da fili da inji don a raba, maimakon magada su gaji hannayen jari a kamfanin da ke ci gaba da aiki.

6.0 Waɗanda Suka Tsira

In muka komo ga masana'antun da har yanzu injinsu ke ruri, za mu ga galibinsu wata rijiya dabam suke sha. Majemun Calawa da Sharaɗa da Bompai suna sayen fatar awaki da tumaki a kasuwannin Arewa da na maƙwabta da naira, su sayar a Italiya da Sifen da Sin da kuɗin waje, don haka faɗuwar naira da ta kashe wasu su ba ta kashe su ba. Masu yin kayan roba, watau buta da bokiti da tabarma da silifa, kayansu na cin wuri a mota ga kuma araha, saboda haka nisan Kano daga teku, wanda ya zama sanadin wahalar wasu, su ya zame musu katanga, ga kuma masu saye daga Nijar da Cadi. A jadawalin Henderson mai yin buta zai iya faɗawa gidan kwantai, amma ya binne taurari da yawa.

Gidajen attajirai biyu kuma sun bi ƙa'idar jadawalin sau da ƙafa. Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ta wajen uwa, ya fara kasuwanci a 1977, ya tara jari daga shigo da sukari da shinkafa da siminti. Ya shiga harkar masaƙa ya fita. Da gwamnati ta fito da manufar 2002, wadda ta jingina izinin shigo da siminti ga masu gina masana'antarsa a gida, sai ya juya ribar fatauci zuwa Obajana a Jihar Kogi da Gboko a Binuwai da Ibese a Ogun. Kamfaninsa na fulawa ya sayar da mafi yawansa a 2012, ya karɓe shi a 2015, ya sake sayar wa Olam a 2019. Siminti ya zama saniyar tatsa, matatar mai ta Lekki mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a watan Mayu 2023, ta zama abin da ake shayarwa. Abdussamad Isyaku Rabi'u ma, wanda ya kafa BUA a 1988, daga shigo da kaya ya koma sukari a Legas da siminti a Sakkwato da Okpella ta Jihar Edo.

Amma a duba inda jarin ya sauka: inda dutsen siminti yake, inda iskar gas take, inda tashar jiragen ruwa take. Ba ɗaya daga cikin manyan masana'antun nan da ke Sharaɗa ko Calawa. Shawarar da ta ceci gida ba ta ceci gari ba. Ga attajiri, rabuwa da kwantai riba ce. Ga masaƙin Fanshekara da aka sallama, da mai sayar masa da abinci a bakin ƙofa, da mai gidan da yake haya, ita ce ƙarshen abinci. Cikin ɗaliban da nake koyarwa akwai 'ya'yan irin waɗannan ma'aikata, kuma a bakinsu na fara fahimtar cewa gari ba ya iya sayar da unguwa ya koma wata jiha kamar yadda kamfani ke sayar da reshe.

7.0 Gyaran Ma'auni

Daga abin da ya gabata ana iya tsamo gyara huɗu.

Na farko, a ƙara tambaya ta uku a kan biyun Henderson: wace rijiya wannan sana'a ke sha? A kasa sana'o'i bisa abin da suka dogara gare shi, watau kuɗin musaya, ko wuta, ko damina, ko wata doka ta gwamnati, maimakon bisa sunan kayan da suke fitarwa. Wanda ke da masana'anta biyar duk masu jiran kwantena daga Apapa bai raba jari ba tukuna.

Na biyu, kason kasuwar da aka samu a inuwar kariya kason aro ne. Wannan ya shafi injunan casar shinkafa da suka yawaita a Kano bayan Babban Banki ya hana masu shigo da ita kuɗin musaya a 2015, aka kuma rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An janye wancan hani a watan Oktoba 2023, a 2024 kuma aka yafe kuɗin fito na ɗan lokaci a kan wasu kayan abinci. Shinkafa ta fi yadin 1978 saiwa, tun da ana noma ta a Kura da Haɗeja, amma wajibi ne mai injin ya tambayi kansa ko zai iya tsayawa ranar da aka buɗe ƙofa baki ɗaya.

Na uku, a ware wa saniyar tatsa harawarta. Abin da aka yi wa manomin gyaɗa bai kamata a maimaita shi a kan makiyayi da mahauci da ke samar da fata ba, ko a kan kogunan Calawa da Salanta da Jakara, waɗanda dagwalon masana'antu ke kwarara cikinsu alhali da ruwansu ake noman rani.

Na huɗu, ma'aunin gwamnati dabam yake da na attajiri. Aikinta yasar rijiyoyin da kowa ke sha: wutar da ke sauka a babbar tashar rarrabawa ta Kumbotso, da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yuni 2020, da tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a Zawaciki a watan Janairu 2023, da layin dogo. Gwargwadon yadda waɗannan suka tabbata, gwargwadon haka lissafin attajiri zai riƙa nuna masa Calawa maimakon Lekki.

8.0 Kammalawa

Mun ga yadda fataken goro suka raba dukiyarsu tsakanin hanyoyi da kayayyakin da ba bugu ɗaya ke kayar da su ba, da yadda aka tatsi gyaɗa har ta ƙafe, da yadda masana'antun shekarun 1970 suka bambanta a suna suka haɗu a saiwa. Jadawalin gida huɗu yana da amfani, domin yana tilasta wa mai dukiya ya faɗi gaskiya a kan wace sana'a ke ciyarwa, wace ce kuma ake ciyar da ita. Amma a ƙasa irin tamu ba ya wadatarwa sai an haɗa shi da tambayar rijiya, tambayar da madugun Gwanja ya san amsarta tun kafin a rubuta ta a littafi. Ina fatan malaman da ke koyar da darasin kasuwanci a kwalejojinmu za su riƙa kai ɗalibansu Bompai da Sharaɗa da Calawa, su tsaya a ƙofar masana'antar da ta rufe da ta wadda ke aiki, su sa su binciko inda kowace ke samun kayan aikinta da wutarta da masu sayen kayanta, kafin a buɗe musu shafin jadawali.